Rijiyar da Bango Ya Raba

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ce ta ƙarshe da ta rage cikin manyan gidanmu. Tana zaune a ƙauyenmu kusa da Bangi, ɗakinta daban, da awakinta da tukwanen daddawarta. Duk ranar kasuwa takan ɗauki kwando ta shiga motar ƴan kasuwa, ta sayar da daddawa, ta sayo kanwa da gishiri da goro, ta komo da la'asar. Haka na tashi na gan ta tana yi, haka kuma na tarar da ita da na bar aikin soja na dawo gida.

Wata ranar kasuwa a ƙarshen damina ba ta komo ba sai bayan magariba, wani mai amalanke ne ma ya kawo ta. Ya ce ya tsince ta wajen masu dabbobi tana ta zagaye da kwando a ka, tana tambayar inda aka mai da rumfar masu daddawa. Rumfar kuwa tana nan inda take tun muna yara.

Labari ya kai Tawa wurin ɗanta, wanda ke sayar da kayan mota a can. Taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, tun ƙuruciya ba mu haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Amma wannan karon ba da wasa ya zo ba. Ya ce hankalin tsohuwa ya fara tafiya, don haka a sayar da awaki, a rufe ɗaki, ta koma gidansa inda za a sa mata ido. Ita kuma ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya gina mata don ta je ta zauna gaban tele kamar kayan ajiya. Hujjarsa biyu ce. Ta farko ɓatan kasuwa. Ta biyu labarin gidan sarki, wanda a shekarun nan take maimaita wa duk wanda ya zauna kusa da ita.

Labarin shi ne, wai tana ƙarama, kafin a haifi mahaifina, kakanmu ya yi cin rani a garin sarkin ƙasarmu yana ban ruwa a garkar fada, ya tafi da ita. Wai ita ke kai ganye da tattasai cikin gida. Wai kuma akwai wata rijiya a can, rabinta cikin gida, rabinta waje. Babu mai rai da zai ce an yi haka ko ba a yi ba. In ta fara, jikoki sai su riƙa ƙyafta wa juna ido. Ɗanta ya ce rijiya ba ƙwarya ba ce da za a fafe ta biyu.

Ni karatuna na boko bai wuce aji shida na lakwal ba, amma a soja na koyi cewa ba a yanke magana kan wuri sai an je an duba wurin. Na ce mu kai ta gidan sarkin. In abin da take faɗi yana nan, a bar ta a ɗakinta. In babu, ni da hannuna zan ɗora kayanta a mota. Ta yarda ba gardama. Shi kuwa ya ce, "Kaparal, har uwata sai ka yi wa fareti?" Amma ya yarda. Ban da maganar gwaggo ma, ni kaina ina son ganin cikin gidan nan. Na sha wucewa ta gabansa a mota ina hangen zankayensa ta bisa itatuwa, ban taɓa samun dalilin shiga ba.

Kafin mu tashi na zaunar da ita na ce ta faɗa mini abubuwan bi da bi, kada ta tsallake ko ɗaya. Ta ce da ka shiga, rijiya ce ke hannun dama. Ka wuce ka tarar da rumbuna. Bayan rumbuna, ɗakin tambura yana hagu. Can ƙuryar gida kuma akwai babban soro mai tasa manne a tsakiyar rufi, daga nan gida ya ƙare, ba a barin yara su wuce. Na maimaita mata, ta ce haka ne.

Muka tashi da hantsi cikin motar taubashina. Kaka ce, dammunan hatsi jibge a gonaki, mutane na ta yaɓen rumbuna. Gwaggo na baya da sandarta da farin mayafinta na salla. Muka gangaro daga kan dutse muka hango garin a bakin fadama.

Sarki ba ya nan, ya tafi Yamai. Shi ma yanzu ba a tsohon gidan yake kwana ba, an gina masa na siminti a gefe, sai dai tsofaffin matan gidan suna nan a ɓangarensu na da. Wakilinsa muka tarar a rumfa tare da wasu dattawa. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa, muka miƙa goro. Na faɗi inda muka fito, na ce tsohuwa ce ke son ganin inda mahaifinta ya yi aiki. Maganar hankali ban ambata ba. Wakili ya yi mata barka da zuwa, ya haɗa mu da wani dogari mai farin gemu, mutum mai son zance.

Zaure na farko shi ne babba. Na daɗe a tsaye ina kallon sama. Babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Bakuna ne na ƙasa suka taso daga bangaye suka haɗu a bisa, tsakaninsu an jera azara kamar saƙar tabarma, hayaƙi da shekaru sun mai da ita baƙa ƙirin. Na tambayi dogari abin da ke riƙe da wannan nauyi. Ya ce azara ce a cikin bakan, guntu-guntu, kowane ya ɗan zarce na ƙasansa, aka ɗaure, aka lulluɓe da ƙasa. Na auna kaurin bango da hannuna a bakin ƙofa, ya fi kamu biyu. A waje rana ta fara zafi, ciki kuwa sanyi kamar gindin randa. A daidai inda bakunan suka haɗu, ga tasa manne, fara mai shuɗin baki.

Na nuna wa taubashina. Ya ce a hankali, don kada gwaggo ta ji, ko zauren mai garinmu akwai tasa a rufi, kuma ita cewa ta yi a ƙuryar gida soron yake, ga shi kuwa daga nan muna hangen takalmanmu a waje. Gaskiyarsa. Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi tasar, ta dubi ƙofar da muka shigo, ta ce wannan ba shi ba ne, nasu yana can ciki. Ta juya dama tana neman rijiya. Dakali ne kawai a wurin, da wata tsohuwar fata a shimfiɗe.

Muka fita wani ɗan fili, muka shiga zaure na biyu. Ƙofarsa gajera ce, sai na sunkuya. Taubashina mai tsawo da tumbi ya buga goshi. Dogari ya ce da gangan aka yi ta haka, don ko mai girman kai ya gaida gidan. Na lura kuma babu ƙofar da ke kallon ƴar'uwarta, in ka shiga ta gabas sai ka fita ta kudu, ta yadda wanda ke waje ba ya ganin ciki. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, na tsaya ina lissafin yadda mutum biyu za su iya tsare wurin. Dogari ya ce ko ba a faɗa masa ba, daga tafiyata ya san soja ne.

Ɗakin tambura muka tarar bayan wannan, amma a dama yake, ba hagu ba. Dogari ya buɗe, jemagu suka tashi. Tamburan na rataye an rufe su da tsohon gwado, fatarsu ta yi duhu. Ya ce ba a kaɗa su sai naɗi ko jajibirin salla, kuma ba kowane hannu ke taɓa su ba. Na so in ji nauyin ɗaya, na haƙura. Sai bayan ɗakin tambura muka iso rumbuna, manya, irin waɗanda mutum ke hawa da tsani, biyu daga ciki sun tsage har ƙasa. Daga nan sai wata ƙofa da asabari. Dogari ya tsaya ya ce iyakar maza ke nan.

Na tambaye shi maganar rijiya. Ya yi dariya ya dubi gwaggo ya ce, "Iya, in rabin rijiya ce, to da rabin guga suke ja?" Ya ce akwai rijiya a ɓangaren mata, shi bai taɓa ganinta ba, amma bai taɓa jin an ce guntuwa ce ba, kuma a ƙarshen gida take, ba a bakin shiga ba. Na tambaye shi ko gidan yana da wata ƙofa. Ya ce gidan sarki ƙofa guda gare shi, ita ce muka shigo.

Duk abin da ta ce yana gaba, a baya muka same shi, na hagu kuma a dama. Na ce a raina haka tsufa ke yi, ya bar wa mutum kayansa amma ya hargitsa su. Gwaggo ta zauna a gindin rumbu, ta ɗora haɓa bisa sanda. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar.

"Wanga ba gidan ba ne," ta ce. "In kuwa shi ne, to ni ce ba ni ba."

Ɗanta ya durƙusa gabanta ya ce ba komai, ta tashi mu tafi, rana na yi. Bai dube ni ba, bai kuma tsokane ni ba, wannan ya fi mini ciwo. Na ce mun zo ganin gida da garka, mun ga gida, saura garka. Ya ce, "Kai ɗan namiji, ba ka ganin ta gaji?" Na ce abin da aka fara a ƙare shi. Ita ce ta raba mu, ta miƙe ta ce a je, ko inuwa ta sha.

Zuwa garkar sai an koma ta zauren farko an fita, an bi jikin bango ta wani lungu mai gangara. Na riƙa duban bangon muna tafe. Gindinsa dutse ne irin namu na Adar, sama tubali, indararo na fitowa nan da can. Wani wuri yaɓen sabo, wani wuri ruwa ya cinye har ana ganin tubalan kamar haƙora. Da muka zagayo baya sai iska ta canza, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da albasa ya tarbe mu.

Garkar ta fi yadda nake zato. Shingen lalle ne ya kewaye ta. Daga ƙasa fangalin albasa ne a jere, an fara dashe, ruwa na bin ƴan hanyoyi daga wani bututu da injin ban ruwa ke turowa. Daga sama kusa da bango kuwa tsofaffin itatuwa ne, mangwaro da lemun tsami da gwaba, da wata bishiyar da ban sani ba mai jajayen ƴaƴa masu tauri. Mai aikin garkar, wani magidanci da laka har gwiwa, ya ce rumman ce, wani sarki ne ya zo da irinta daga hajji. Ya fasa mini ɗaya, cikinta ƙwayoyi jere a ɗaki-ɗaki, na tsaya ina mamakin tsarinsu. Na tambaye shi rijiya. Ya ce tun da ya kama aiki bututun nan ya sani.

Muna wannan magana ashe gwaggo ta bar mu. Na waiga na gan ta tsaye a gindin wata tsohuwar tsamiya, ta ba fadama baya, tana fuskantar bangon fada. Ta daɗe haka. Sannan ta fara tafiya, ba irin tafiyar da ta yi cikin gida ba tana lalube, tafiyar mai zuwa aike. Ta ratsa tsakanin lemuka, ta kai jikin bango inda aka jingina tsofaffin zana da ƙaya. Ta ce a kawar. Ni da mai garka muka kawar.

Abu biyu muka gani. Na farko, a jikin bango akwai shatin wata ƴar ƙofa da aka toshe, ƙasarta ta fi ta kewaye haske, har azarar samanta tana nan. Na biyu, a hannun dama da ita, wani dakalin siminti mai siffar rabin faifai, manne da bango, an ɗora bidon isansi, jarkar man injin ban ruwa, a kai. Mai garka ya ce a nan yake zama ya ci abinci.

Na tsaya gaban toshasshiyar ƙofar nan na sa kaina yarinya mai kwandon ganye. In na shiga ta nan, rijiya na dama. In na wuce ɓangaren mata, rumbuna zan fara tararwa. Ɗakin tambura zai faɗo hagu. Babban zaure kuwa shi ne ƙarshe, kuma dole a hana yarinya wuce shi, don bayansa fada ce da taron maza. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Mu ne muka shigo da ita ta ƙofar baƙi, ƙofar da ɗiyar mai ban ruwa ba ta taɓa bi ba. Na faɗa wa taubashina haka. Ya dubi ƙofar, ya dubi dakalin, ya ce siminti dai yake gani, bai ga ruwa ba.

Gwaggo ba ta saurare mu ba. Ta buga dakalin da sanda, ya amsa kamar ganga. Inda siminti ya haɗu da bango akwai tsaga, na kai hannu na ji iska mai sanyi na fitowa. Ta dafa kafaɗata ta durƙusa, ta kai baki ga tsagar, ta ɗaga murya ta ce, "Masu gida, guga za shi sabka."

Ɗanta ya fara cewa ta tashi kada a ce mun zo da wani abu. Sai muka ji motsi a bayan bango, da muryar mata suna magana ƙasa-ƙasa. Can wata murya ta tsohuwa, mai rawa, ta fito ta cikin tsagar kamar daga ƙarƙashin ƙasa.

"Sabko da shi, namu ya hau." Ta ɗan tsaya, sannan ta ce, "Wa ke nan? Masu wagga magana ai sun ƙare."

Gwaggo ta ce ɗiyar mai ban ruwa ce, na zamanin kakan sarki na yanzu, ubanta mutumin wajen Bangi ne mai tabo a goshi. Muryar ta ce, "Ke ce mai satar mana gwaba?" Gwaggo ta ce gwabar da ubanta ya shayar ba ta zama sata. Muka ji dariya a bayan bango, har da tari.

Daga baya gwaggo ta bayyana mini. Bangon a kan bakin rijiyar ya bi, bisa azara, don matan gida su ɗebi ruwa ba a gan su ba, masu garka kuma su ɗiba ba su shiga gida ba. Da yake ba a ganin juna, kafin ka saki guga sai ka faɗa, a amsa maka, in ba haka ba igiyoyi su sarƙe, ko gugan namiji ya faɗa kan na matar sarki, abin da ba a so. An rufe rabin waje da ƙofar tun zamanin sarkin da ya wuce, bayan wani maraƙi ya faɗa ciki. Dogari, wanda ya biyo mu yana saurare, ya ce shi kam yau ya zama baƙo a gidan da ya tsufa.

Aka aiko wata mata ta zagayo ta tafi da gwaggo ciki. Ashe tsohuwar da ta amsa mata gwaggon sarki ce, kusan sa'arta. Mu maza muka zauna gindin tsamiya muna jira. Taubashina ya daɗe yana wasa da makullin mota, sannan ya ce, "To, Kaparal, ka ci. Na ƙuruciya ta tuna. Kasuwar Bangi da take zuwa duk mako fa? Ka san in ta ɓace wata rana ba a tsince ta ba, ni za a zaga, ba kai ba."

Wannan magana gaskiya ce, ban raina ta ba. Na shiga jera a raina abin da ya faru ranar, daga fitarta gida har dawowa. Sai na ga akwai wurin da babu wanda ya tambaya. Na ce masa, ranar nan a ina mota ta sauke ta? Ya ce ina zai sani, yana Tawa. Na ce ya kira direban. Ya ciro salula ya nemi lamba wurin wani, ya kira, ya sa a kunne yana kallon ƙasa. Direban ya ce ranar ƙorama ta kawo ta yanke hanya, sai da suka zagaya, ya sauke mutane ta wajen masu dabbobi maimakon bakin tasha. Ya ce ya ɗauka kowa ya san hanya.

Ban ce wannan ya wanke ta sarai ba. Mai ƙarfin ido da ƙarfin kai zai gane kasuwa ko ta ina aka shigo da shi. Gwaggo ta tsufa, tana haɗa sunayen jikoki, takan sa gishiri sau biyu a miya. Amma mutumin da ke riƙe hanya bi da bi daga ƙofar da ya saba, ba a ce masa mahaukaci. Na faɗa masa haka. Ya ce to in an sake sauke ta wani wuri fa? Na ce wannan gyaransa ba Tawa ba ne, gyaransa maƙwabciyarta mai sayar da kuka, su riƙa tafiya tare su dawo tare. Ya ce zai yi tunani. Na ce ya yi tunanin nan gindin tsamiya, don alkawari muka yi a gabanta.

Sai bayan azahar ta fito, bakin zanenta ɗaure da lemun tsami da garin lalle, tana tauna goro. Na tambaye ta yadda rabin ciki yake, ko baki gare shi na dutse, ko zurfinsa ya kai na rijiyar garinmu. Ta ce abin da ke bayan asabari ba na maza ba ne, in ina son sani in koma mace. Har yau ban sani ba.

Ɗanta ya karɓi sandarta ya riƙe mata hannu har mota. Da ta zauna ya ce, "Inna, ki zamna ɗakinki. Amma kasuwa ba ki ƙara zuwa ke ɗai, sai da mai kuka." Ta ce mai kuka surutu gare ta, tun daga gida har Bangi ba ta rufe baki. Ya ce ko surutun mai kuka ko Tawa, ta zaɓa. Ta gyara mayafi ta ce a bar ta da surutun.

Ya kwana biyu a ƙauye ya gyara mata ƙyauren ɗaki da dangar awaki, ya koma shi kaɗai. Ranar kasuwa ta gaba na fito da safe na ga su biyu a bakin hanya suna jiran mota, kowace da kwandonta, suna faɗa kan wadda za ta zauna kusa da taga.